Injin da Ya Ƙi Barin Falona

Falonmu shi ne shagona. Keken ɗinki yana jikin taga, dutsen guga a kan ƙaramin kabad, yadukan mutane kuma a jere a kan doguwar kujera, wadda sai na kwashe kaya kafin baƙo ya samu wurin zama. A saman bene muke haya, ɗaki da falo da ɗan baranda wanda zanin gado ɗaya yake cika shi. A cikin wannan ƙuncin ne mijina Baban Auta ya kawo injin babur ya dire mini a bayan ƙofa.

Mijina ya yi shekaru yana yi wa wani kantin magani aikin kai saƙo a babur. Abokan aikinsa Guguwa suke ce masa, don kafin ka gama faɗa masa inda za shi ya riga ya sha kwana. Sai ciwon ƙugu ya kama shi. Likita ya ce in yana son ya ci gaba da takawa da ƙafafunsa, to ya sauka daga babur. Bai ji ba. Ya ci gaba da hawa yana ɗingishi yana cewa sanyi ne, har babur ɗin da kansa ya raba gardama: injin ya buga a tsakiyar hanya. Bakanike ya buɗe, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce a yi haƙuri kawai. Tayoyi da tanki da fitila duk aka rabu da su. Injin kuwa, sai ga shi an hawo da shi bene, maza biyu suna nishi, shi yana bayansu yana cewa a yi a hankali kamar masu ɗauke da marar lafiya.

"Na ɗan kwana biyu ne," in ji shi, da ya ga irin kallon da nake masa.

"Kwana biyun me? Me zai yi a nan?"

"Ke dai Tela, ki bar shi ya huta."

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa. Washegari kwalin ya yi baƙi. Na sauya wani, shi ma haka. Abin da aka ce ya mutu, amma kullum sai ya ɗiga baƙin mai kamar yana da rijiya a ciki. Ƙofar falo ba ta buɗuwa sosai, duk mai shigowa sai ta karkace. Warin mai ya kama labule, ya kama yaduka, har wata mata ta shinshina rigarta ta tambaye ni ko a gareji nake ɗinki.

Ranar da abin ya kai ni maƙura, wata malamar makaranta ce ta kawo farin yadi, tana son rigar da za ta saka ranar da ɗalibanta za su karɓi shaidar kammala karatu. Na yanka, na haɗa, saura hannuwa. Na ɗora a hannun kujera na shiga kicin, iska ta kaɗa ta taga, gefen rigar ya zamo ya kwanta a kan kwalin nan. Da na fito na gani, sai da na zauna a ƙasa. Babu sabulun da ban gwada ba. Tabon ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, ya ƙara faɗi, ya zauna daram.

Malamar ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaga rigar, ta juya ta, ta dubi injin, ta dube ni.

"Anti, da kin faɗa mini kin fara kanikanci, ai da na kai wani wuri."

Ta naɗe kayanta ta fita. Baban Auta yana ɗaki yana jin komai, bai ko leƙo ba.

Da yamma na jiyo mai sayen tsofaffin ƙarafa yana wucewa da amalankensa, na leƙa ta baranda na kira shi. Ya hawo, ya tsaya a kan injin, ya sa ƙafa ya ɗan ture shi.

"Wannan ai mushe ne, sai dai a narka."

"Ɗauke ƙafarka," in ji Baban Auta daga bakin ƙofar ɗaki. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Ɗauke ƙafarka ka fita."

Mutumin ya dube ni, na dubi ƙasa, ya sauka yana gunaguni cewa an hawar da shi bene a banza.

"To Baban Auta, ka faɗa mini," na ce. "Ko shi ko keken nan. Falon ba zai ɗauke su su biyu ba."

Ya fita. Na ɗauka zuciya ya yi. Ashe wurin abokinsa mai walda ya tafi, wanda ake ce wa Tartsatsi, mai rumfa a ƙarshen layinmu. Ya dawo fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi, abin da na daɗe ban gani ba.

"Tebur zan yi miki da shi."

"Da me?"

"Da injin. Tartsatsi ya nuna mini hoto a wayarsa. A wanke shi tas, a yi masa ƙafafu, a ɗora gilashi a sama. In kin gani sai kin rantse daga kanti aka sayo."

"Ni teburin yanka yadi nake buƙata, mai faɗi, mai tsayi."

"Ai shi ma tebur ne."

Na so in yi gardama, amma na ga mutumin da ya yi makonni yana kwance yana kallon silin ya miƙe yana neman sifana. Na haɗiye maganata. Na ce a raina ko ba komai injin zai bar bayan ƙofa.

Ya bar bayan ƙofa, ya koma baranda, wurin shanyata. A nan aka kwance shi gunduwa-gunduwa. Babban bahon wankina ya zama na jiƙa ƙarafa a kananzir. Farantan cin abinci suka cika da notuna, kowane faranti da irin nasa, kuma ba a yarda a taɓa ba. Na nemi buroshin haƙorina na rasa, na same shi a hannunsa yana goge tsakanin haƙarƙarin injin.

"Ai ya tsufa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Ƙyallayen da nake tarawa don yin cikon matashi duk ya kwashe ya yi tsumma da su. Rannan har ya ɗauki ragowar yadin wata mata, wanda ta ce lallai in ajiye mata za ta yi ɗankwali, ya goge giris da shi. Ni ce na je na ba da haƙuri. Ruwan wankin kuma ya riƙa juye shi a magudanar baranda, ya bi bututu ya fito a tsakar gidan ƙasa, baƙi ƙirin, daidai inda matar maƙwabcinmu take wanke-wanke. Ta hawo tana haki, ni ta samu. Mai gidan haya ya zo, ni ya samu. Duk lokacin da ake neman wanda za a yi wa faɗa, Baban Auta ya tafi sayen takardar goge ƙarfe.

Gaskiya dai, da ya gama wankewa ya mayar ya ɗaure, injin ya yi kyau. Ƙarfen ya fito fari yana sheƙi. Ya kira ni in gani, na ce na gani. Aka sake nemo masu ɗauka suka sauke shi zuwa rumfar Tartsatsi, na share baranda na wanke da ruwan zafi, na yi ajiyar zuciya.

Sai kuma aka shiga zaryar walda. Yau babu wuta. Gobe wuta ta zo amma Tartsatsi yana haɗa ƙofar wani. Jibi ya tafi ɗaurin taga a wata unguwa. Baban Auta ya fita da safe da kuzari, ya dawo da rana a gajiye, ya zauna a kan yadukan mutane ya fara ba ni labarin rashin alƙawarin Tartsatsi, ni kuwa allura a baki, ina ƙoƙarin gama aikin da aka ce za a zo karɓa da yamma.

"Kina ji na kuwa?"

"Ina ji. Tashi, ka zauna a kan siket ɗin mutane."

Da aka yi ƙafafun farko, siraran ƙarafa Tartsatsi ya sa, wai don ya yi kyan gani. Ana sakin injin a kansu suka baje kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Aka yanke, aka sa masu kauri. Aka yi musu baƙin fenti, ƙura ta manne kafin ya bushe, aka kankare aka sake. Ranar da aka hawo da shi, masu ɗaukar sun ce wannan ne na ƙarshe, ko za a ba su me ba za su sake taɓa shi ba. Gefen ƙafa ɗaya ya ɓantare siminti a matakala, na san mai gida zai sake zuwa.

Aka dire shi a tsakiyar falo. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Na taɓa shi da yatsa, ya yi rawa, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba.

"Daɓen ne ba daidai ba," in ji Baban Auta.

"Shekarunmu nawa a gidan nan, kujera ba ta taɓa rawa ba."

Ya ninke kwali ya cusa. Sannan ga sandar nan da ake takawa a tayar da babur, ta fito ta gefe kamar hannun mai tare mota. Kafin yamma ta sare ni a ƙwauri har jini ya fito.

"Cire wannan abin."

"Haba Tela, ai ita ce adon. In babu ita wa zai san injin babur ne?"

"Duk mai ido. Da mai hanci ma."

Bai cire ba. Na ɗaura mata jan ƙyalle don in riƙa ganinta, ya kwance, wai na ɓata masa tsari.

Saura gilashi. Ya ɗauki tef ɗin awona, ya auna tsawo da faɗi, ya kira mai yankan gilashi a waya ya faɗa masa. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita. Shi ya karanta inci, mai gilashi ya yanka a santimita. Ina zaune ya shigo da abu a naɗe cikin jarida a hammatarsa, fuskarsa a murtuke. Ya buɗe. Gilashin bai fi tiren shayi ba. Ya ɗora a kan injin, ya zauna a tsakiya kamar hular yaro a kan ƙaton mutum.

Na yi niyyar in danne, amma dariyar ta ƙwace mini. Na yi har da hawaye. Shi kuwa ya tsaya yana zagin mai gilashi, yana zagin tef, yana cewa wane irin abin awo ne mai baki biyu.

"Da ka tambaye ni ai."

"Komai sai na tambaye ki?"

Na biyun ya zo daidai, babba, da huji a kusurwoyinsa don a ɗaure shi da noti a kan ƙarafan da Tartsatsi ya fitar sama. Ina kan keke ina jin sa yana ɗaurewa. Hannun da ya saba ɗaure tayar babur ne, bai san wasa ba. Na buɗe baki zan ce ya isa haka, sai na ji ƙas. Tsaga ta tashi daga kusurwa ta ratsa har ɗaya gefen.

Ya zauna a ƙasa da sifana a hannu.

Ni kuwa duk abin da na tara tun ranar da aka hawo da injin nan sai ya taso mini gaba ɗaya. Na tsayar da keke na juyo.

"Baban Auta, na gaji. Wallahi na gaji. Na rasa masu kawo ɗinki, na sha zagin maƙwabta, bahona ya tafi, ƙafata duk tabo. Saboda me? Saboda ƙarfen da ya riga ya gama aikinsa. Injin nan ya mutu. Ka mayar da shi tebur, ka mayar da shi gado, ba zai sake tashi ba, kai ma ba za ka sake hawa ba. Ka bar mu mu huta mana!"

Na zaci zai tashi da faɗa, har na shirya amsa. Sai ya ajiye sifanar a hankali.

"Na sani," ya ce. "Kin ɗauka ban sani ba? Ke da gari ya waye kin san abin da za ki yi. Kekenki yana jiranki, mutane suna ƙwanƙwasa ƙofa suna nemanki. Ni wa yake nemana? Da wayata ba ta hutawa, yanzu sai in duba in ga ko ta lalace ne. In na fitar da wannan, in na tashi da safe me zan taɓa?"

Haushin bai tafi ba, yana nan a ƙirjina, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na koma kan keke na ci gaba da ɗinki, layin ya karkace, na farke, ya sake karkacewa.

Washegari da ya tafi asibiti ganin likitan ƙugunsa, na ɗauko takardar da nake fitar da samfurin riga, na shimfiɗa a kan ƙarafan, na zana da alli, na huda inda notuna za su shiga, na yanke. Na kai wa mai gilashi da kaina.

"Ga shi, babu inci babu santimita. Yadda takardar nan take haka nake so. Kuma mai kauri, ka goge bakinsa kada ya yanki mutum."

"Ke ce matar mai injin?" ya ce yana dariya. "Sannu da haƙuri."

"Kai dai yanka."

Da na dawo na samo tsohon silifa na yanka ƙananan faifai na roba, don gilashin ya zauna a kansu maimakon a kan ƙarfe. Da aka kawo, na ce wa Baban Auta ya ɗaure da yatsunsa kawai, ni kuma na riƙe sifanar a hannuna har ya gama. Ya ja da baya ya tsaya yana kallo. Ta cikin gilashin ana ganin injin gaba ɗaya, fes, hasken taga yana sauka a kansa.

"Kin gani ko?" ya ce.

"Na gani. Ba zan iya yanka ko hannun riga a kansa ba, amma na gani."

Ya ɗauki hoto ya tura wa 'yarmu Auta a makaranta. Ta kira tana ihu wai Baba ya zama injiniya. Bai gaya mata labarin takarda da silifa ba, ni ma ban tanka ba.

Teburin ya cinye tsakiyar falo, inda da nake shimfiɗa tabarma in yi yanka. Yanzu a kan gado nake yi, bayana yana ciwo. Teburin ba ya matsuwa, sai dai in zagaye shi da tsintsiya. In rana ta yi zafi, har yanzu sai ya ɗigo da ɗigon mai daga wani lungu da buroshina bai kai ba, don haka akwai faranti a ƙarƙashinsa. Masu kawo ɗinki kuwa sai su manta da abin da ya kawo su, su durƙusa suna leƙe, shi kuma ya fito daga ɗaki ya fara bayani, wannan shi ne fistin, nan wuta take shiga, ni ina tsaye da tef a wuya ina jiran a ba ni kafaɗa in auna.

A haka wata ta ɗauki hoto ta nuna wa mijinta, mai shagon aski. Sai ga shi ya zo da kansa, ya zagaya teburin, ya ce yana so ya sa a shagonsa inda masu jira suke zama. Zuciyata ta yi fari. Na fara tunanin inda zan mayar da tabarmata.

"Wannan ba na rabuwa ba ne," in ji Baban Auta. "Amma in ka samo wani injin, zan yi maka."

Na bi shi da ido. Mai aski yana fita na ce, "Ba a gidan nan ba."

"Wa ya ce a nan? Tartsatsi ya ce zai ba ni gefe a rumfarsa."

Ya ba shi kuwa. Yanzu da sassafe yake fita, da ɗingishinsa da jakar sifanu, ya dawo hannu baƙi, ya zauna ya ba ni labarin yadda suka yi da Tartsatsi a kan kaurin ƙafafu. Kullum sai sun yi faɗa, kullum sai ya rantse ba zai koma ba, da safe kuma ya riga ni tashi.

Ranar Laraba ina tsakiyar haɗa wata riga na ji mai gida yana ƙwala mini kira daga ƙasa. Na leƙa ta baranda. Yana tsaye a bakin matakala, hannu a ƙugu, a gabansa ga wani tsohon injin janareta, duk tsatsa, ya tare hanya, mai yana bin siminti.

"Na waye wannan?"

"Ban sani ba," na ce, ko da yake na sani.

"Wanda ya sauke ya ce na mijinki ne. Wai rumfar mai walda ta cika, a ajiye a nan zuwa anjima."

Na kira wayar Baban Auta, tana ta ƙara a kan teburin, ya manta da ita. Mai gida ya sake ɗaga murya, matar maƙwabci ta fito da bokitinta tana kallon man da ke gangarowa wajen ƙofarta. Na cire tef daga wuyana, na kashe dutsen guga, na ɗauki tsumma da kwali na sauka.